Almakashi a Jakar Yaya

Yaya ta girgiza gwangwanin sukari, ba ta ji motsin komai ba. Ta buɗe ta leƙa. Wayam, kamar an wanke. Shekaranjiya da hannunta ta cika shi har baki, yau ga shi an mayar da murfi an rufe ruf, an ajiye shi a mazauninsa kusa da butar shayi kamar ba a yi komai ba.

Da a da ne, da tuni maƙwabta sun san sukari ya ƙare a gidan. Yaya mace ce mai faɗa, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. A ofishin aika kaya inda take zama bayan kanta tana auna kwalaye, har manaja ma Yaya yake ce mata, kuma sai ya karanci fuskarta daga nesa kafin ya kawo mata takarda. Amma yau sai ta ja numfashi ta hanci, ta ƙirga huɗu, ta sauke ta baki, yadda aka koya musu a ajin horon kula da masu lalurar ƙwaƙwalwa. Ta zaro ɗan littafi mai shuɗin bango, ta buɗe shafin da ta rubuta wa "Alamomi" a sama, ta ƙara layi: Asabar, sukari ya sake ƙarewa, karo na biyar.

A saman wannan layin akwai 'yan'uwansa. Ya bar silifas a tsakiyar ƙofa. Ya ajiye jiƙaƙƙen tawul a kan kujerata. Ya canja tasha ina cikin sauraron labarai. Duk tana tara su ne don ta nuna wa likita ranar da za su koma asibiti.

"Ina kwana, Yaya."

Ƙaninta ne tsaye a bakin kicin. Shekararsa talatin da huɗu, kansa na kusan taɓa saman ƙofa, amma har gobe Auta ake ce masa, don bayansa mahaifiyarsu ba ta sake haihuwa ba. Su biyu suka rage a gidan tun rasuwarta.

"Lafiya lau, Auta. Yaya barcin?" Ta yi maganar da wata lallausar murya wadda ita kanta ba ta san tana da ita ba sai bana.

"Barci dai." Ya kalli gwangwanin, ya kalle ta, kamar mai jiran wani abu. "Sukari ya ƙare, ko?"

"Ba komai, zan sayo wani."

"Ni na ƙarar da shi fa."

"Na ji ka. Na gode da ka gaya mini. Yaya kake ji a ranka game da hakan?"

"Shafi na goma sha biyu," in ji Auta, yana zuba ruwan zafi a kofi. "Sauraro ba tare da yanke hukunci ba. In kin fita ina karanta littafin ajin naku. Na kusa haddace shi."

Ta yi murmushi, don littafin ya ce a yi. Shi kuwa ya kurɓi shayinsa salam, ba sukari, ya juya ya koma ɗaki, kafaɗunsa a sauke.

Wata tara ke nan rabon Auta da shagon ɗinki. Da farko ya ce gajiya ce. Daga nan abinci ya fita daga ransa, ya saki labule, ya kwanta yana kallon bango sati da sati. Ran da ya ce mata, cikin sanyin murya kamar mai tambayar ƙarfe nawa, shi fa ya gaji da zaman duniya, ranar ta kai shi asibiti. Sati biyar ya yi a can. Likita ya kira abin da sunansa, ciwon damuwa mai tsanani, ya ce ana samun sauƙi, ya kuma ce kafin nan a kawar da magunguna da duk wani abu mai kaifi daga inda hannunsa zai kai.

Yaya ta kawar. Wuƙaƙen kicin suka koma aljihun tebur mai makulli. Amma babban almakashinsa na yanka yadi, mai baƙin mariƙi, wanda yake ji da shi kamar ido, ta rasa inda za ta ajiye shi hankalinta ya kwanta. Sai ta naɗe shi a tsohon ƙyalle ta jefa a jakarta. Tun daga ranar tare suke zuwa aiki, tare suke dawowa. Wata uku da suka wuce likita ya ce jiki ya yi kyau, a sassauta, komawa aiki ma zai taimaka masa. Ta ce to, har ta rubuta a littafi. Sai dai wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Almakashi yana nan a jaka, kafaɗarta ta dama har ta saba da ciwo.

Akwai kuma abin da ya fi almakashin nauyi. Ranar Litinin tsohon telan da ya koya wa Auta aiki ya zo har ofis ya same ta.

"Teburinsa yana nan kusa da taga," ya ce. "Wata tara ban ba kowa ba. Amma aiki ya yi mini yawa, ido kuma ya fara gardama. Ban kira shi ba don kada in tayar masa da hankali, ke kika san halin da yake ciki. Ki ce masa ya zo da almakashinsa kafin in rufe shago ranar Asabar, ƙarfe shida. In ban gan shi ba, na san bai shirya ba, sai in ba wani. Ba don raina ya so ba."

Ta yi godiya, ta raka shi har bakin titi. Kwana biyar ke nan saƙon yana bakinta, ta kasa fitar da shi. Ga Asabar ta zo.

A cikin bas ɗin zuwa aji ta ɗora jakar a cinya ta rungume. Da suka zo wucewa ta layin teloli ta yi niyyar kawar da kai, amma ido ba ya jin magana. Ta hango teburin ta gilashin shagon, an goge shi fes, ba komai a kai sai alli da tef ɗin awo. Ta ce wa kanta shago akwai hayaniya, akwai masu kaya marasa haƙuri, akwai allura da reza a kowane lungu. Ta ce wata ɗaya kawai za a ƙara. Haka ta ce wa kanta a watan jiya ma.

A saman wani ƙaramin asibiti ake yin horon, a ɗaki mai kujerun roba da fanka ɗaya mai ƙara. Asabar shida ake yi, yau ce ta ƙarshe, kuma da yamma za a raba takardun shaida. Su ashirin ne: malaman makaranta, 'yan sanda biyu, wata mai gyaran gashi, da masu jinyar 'yan'uwa irinta. Malamar da ke koyar da su ma'aikaciyar jinya ce, gajera, mai furfura a gaban goshi, wadda a ranar farko ta rubuta kalmar "mahaukaci" a allo, ta goge da hannun rigarta, ta ce daga yau an binne ta a ajin nan.

Yaya ce tauraruwar ajin, kuma ta san da haka. Ita ke zama a gaba, ita ke ɗaga hannu kafin a gama tambaya. Makon jiya Malama ta ce yana da kyau kowa ya riƙa yawo da lambobin neman agaji a aljihu. Yaya ta je ofis ta buga su a takarda mai kauri, ta zauna lokacin hutun rana ta yanka kati arba'in. Yau ta raba wa kowa bibbiyu.

"Kai, yankan nan kamar na inji," in ji Malama, tana juya katin. "Sannu da ƙoƙari."

Gwajin ƙarshe bibbiyu ake yi, ɗaya ya zama mai lalura, ɗaya mai sauraro. Abokin gwajin Yaya tun makon farko wani dattijo ne da ya yi shekara talatin yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, kowa Baba Direba yake ce masa. Mutum ne mai barkwanci, wanda ba a raba shi da hula a karkace da alewa a aljihu. Aka ajiye musu kujeru biyu a gaban aji.

"Baba, na ga kwana biyu ba ka fitowa," Yaya ta fara, ta karkato, ta haɗa hannuwa a cinya. "Yaya kake ji?"

"Ni? Garau. Ke ce ma na ga kin rame, ko maigidan ya hana cefane ne?" Aji ya yi dariya. Ya ci gaba da zolaya, ya ba da labarin akuyar maƙwabcinsa, ya tambaye ta farashin taya. Can a tsakiyar dariyar, ba tare da ya sauya murya ba, ya ce, "Jiya ma na raba wa yara kayan aikina duka. Me zan yi da su?" Ya wuce zuwa wani labarin.

Yaya ta jure minti uku, sannan tsohon halinta ya leƙo. Ta juya wajen Malama.

"Malama, a yi haƙuri, amma Baba yana ɓata gwajin. Masu wannan ciwon ba haka suke yi ba. Ba sa wasa da dariya. Shiru suke yi, su sunkuyar da kai. Ni a gidana nake da shi, na sani."

Fanka ta ci gaba da ƙararta. Malama ta kalli Baba Direba. Shi kuwa ya gyara hularsa, ya ƙara karkata ta.

"'Yata," ya ce, "shekara goma sha tara ke nan ina shan maganin safe da dare. Ranar da aka kai ni asibiti, a motar da nake tuƙawa aka kai ni, ina kwance a baya ina ba abokan aikina labari suna dariya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Da ƙasa za ta tsage, da Yaya ta shige ta ja murfi.

"Ya kuma gaya miki ya raba kayan aikinsa," Malama ta ce a hankali. "Nan ne wurin tsayawa a yi tambaya. Mu je hutu, in mun dawo sai ku sake."

A baranda ta sami Baba Direba, yana zuba sukari cokali uku a shayi.

"Baba, don Allah ka yafe mini."

"Yafe me? Wallahi daɗi na ji. Kin ga yadda kika hayayyaƙo mini? Sati shida kina yi mini magana kamar ƙwai a cokali, sai yau na ga mutum." Ya matsa mata a benci. "Zauna. Wa ke gare ki a gida?"

"Ƙanina."

"Yana shan magani? Yana ganin likita?"

"Ba ya fashi."

"To, madalla. Wannan shi ne ginshiƙi, kada a yi wasa da shi." Ya kurɓi shayi. "Ni da na dawo daga asibiti, kin san abin da ya fi ci mini rai? Ba ciwon ba. Uwar 'ya'yana. Matar nan, tun muna amarya da ango ba mu taɓa kwana uku ba mu yi cacar baki ba. Na dawo na tarar an canja mini ita. Sannu, Malam. Me kake so, Malam? Kwanta ka huta, Malam. Ko kofi na fasa, sai ta ce ba komai. Sai na ji kamar baƙo a gidana, irin baƙon da ake jira ya tafi ko ya mutu. Na ce a raina, ashe dai na lalace, tunda ban isa a yi fushi da ni ba."

Yaya ta riƙe kofinta da hannu biyu.

"Sai na fara tsokana. In bar famfo a buɗe. In shiga da takalmi inda ta goge. In ɓoye mata murfin tukunya. Wata huɗu ina wannan aikin, baiwar Allah tana haɗiyewa, har ta fara ciwon ciki. Ran nan na zauna a kan gilashinta na karatu, da gangan. Ai kuwa ta manta da likita, ta manta da komai, ta wanke ni tas, har da kakannina." Ya yi dariya har da goge ido. "Ranar na ci abinci kwano biyu. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, 'yata. In kin ga ba sa saɓawa, to ɗaya ba ya nan."

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kofin, ta zaro ɗan littafin mai shuɗin bango, ta buɗe shafin "Alamomi". Silifas a tsakiyar ƙofa. Jiƙaƙƙen tawul. Tashar rediyo. Sukari, sau biyar. Duk abubuwan da tun yana ɗan shekara bakwai take yi masa faɗa a kansu ne, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Ta tuna yadda ya tsaya da safe yana kallonta, yana jira. Tausayinsa ya kama ta. Wata da watanni yaron nan yana ƙwanƙwasa mata ƙofa, ita kuwa tana rubuta ƙarar a littafi.

Ta duba agogo. Uku da kwata. Daga nan zuwa gida awa ɗaya ne in hanya ta yi kyau, daga gida zuwa layin teloli minti arba'in. Takardun shaida sai biyar.

Ta sami Malama tana goge allo, ta gaya mata komai a tsaye: teburin, saƙon, da abin da ke cikin jaka.

"Me likitansa ya ce?"

"Ya ce a sassauta. Ya ce aiki zai taimaka."

"Shi kuma me ya ce?"

Yaya ta sunkuyar da kai. "Ban tambaye shi ba. Malama, in na ba shi, wani abu ya faru fa?"

"Ba zan ce miki ba abin da zai taɓa faruwa ba, don ban sani ba. Amma akwai tambayar da muka koya a mako na uku. Kin yi wa Baba Direba ita a ajin nan sau nawa, ba ki taɓa yin tuntuɓe ba. Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da babu shi. Ki je ki yi wa mai ita. In amsar ta ba ki tsoro, ga kati a aljihunki, ke kika yanka." Ta ajiye abin goge allon. "Takarda ba ta da ƙafa, tana nan."

Hanya ba ta yi kyau ba. Wata babbar mota ta lalace a kan gada, bas ya riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Duk tsawon hanyar Yaya tana shirya maganarta. Za ta zauna kusa da shi, ba gaba da gaba ba. Za ta fara da neman afuwa. Za ta yi magana a hankali. Har ta zaɓi kalmomin, ta jera su.

Biyar saura kwata ta tura ƙofar gida da sauri, ƙafarta ta sauka a kan silifas. Silifas ya tafi da ita. Ta kama labule, labule ya biyo ta da sandarsa, jaka ta yi gefe, gwiwarta ta bugi ƙasa. Duk kalmomin da ta jera suka watse.

"Auta! Kai Auta! Fito nan! Sau nawa zan gaya maka ƙofa ba wurin ajiye takalmi ba ce? So kake ka karya ni? Ƙato da kai, gemu har ƙirji, amma ɗauke silifas ya gagare ka! Ga tawul kullum a kan kujerata kamar ni ce igiyar shanya! Sukari kuwa, ko tururuwa ta san ta rage wa gobe! Wai ni baiwarka ce a gidan nan?"

Ya fito daga ɗaki ya tsaya. Ta ɗaga kai tana haki, sai ta ga fuskar da rabonta da ita tun kafin ciwon. Bakinsa yana rawa, yana ƙoƙarin danne dariya, idanunsa kuwa sun cika da hawaye.

"Sannu da zuwa, Yaya," ya ce. "Kin daɗe a hanya."

Ya miƙa hannu ya ɗaga ta. Ta zauna a kujera tana murza gwiwa, shi kuma ya tsuguna yana tattara kayan da suka zube daga jaka. Hannunsa ya kai kan ƙyallen, ya tsaya. Bai ɗauka ba.

"Na san yana nan," ya ce. "Tsininsa ya huda miki gindin jaka tun watan jiya."

"Auta, zauna. Na yi maka laifi." Da muryarta ta gaskiya ta yi maganar, mai kaushi. "Maigidanka ya zo wurina. Teburinka yana jiranka zuwa ƙarfe shida na yau. In ba ka je ba zai ba wani."

"Yaushe ya zo?"

"Litinin."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya miƙe tsaye.

"Litinin. Kwana biyar kina kallona ina zaga ɗakin nan kamar kaza a keji, kina tambayata yaya nake ji a raina. Aikina ne fa, Yaya! Ni aka aiko wa, ba ke ba! Ciwo na yi, ban mutu ba. Wa ya ba ki izinin ki amsa a madadina?"

Hannunta ya tafi neman ɗan littafin don sabo, ta dawo da shi. Wannan ba alama ba ce, mutum ne aka yi wa ba daidai ba yake faɗa.

"Ba wanda ya ba ni. Tsoro ne. Ranar nan da ka gaya mini maganar nan, har yau ban gama jin ta ba." Ta share fuska da bayan hannu. "Zan tambaye ka abu ɗaya, ka gaya mini gaskiya, ko mai ɗaci ce. Har yanzu kana tunanin kashe kanka?"

A aji tambayar ba ta da nauyi haka. Auta ya koma ya zauna a hannun kujera, ya kalli tafin hannunsa.

"Ba kamar da ba," ya ce. "Wani lokaci, in na wuni ban yi komai ba, tunanin yakan gifta. Ba ya zama. Ba ni da niyyar komai, ban shirya komai ba. Na gaya wa likita tun zuwanmu na baya, mun tsara abin da zan yi in ya yi ƙarfi. Sunanki ne na farko a takardar."

"Ni? To me ya hana ka gaya mini?"

"Ba ki tambaya ba. Sai yaya barci, yaya abinci." Ya ɗago. "In ya dawo da ƙarfi zan faɗa miki, na yi alkawari. Amma Yayata zan faɗa wa, ba littafi ba."

Amsar ba ta kwashe tsoron duka ba. Ta rage shi dai zuwa wanda mutum zai iya ɗauka. Yaya ta sunkuya ta ɗauki ƙyallen daga ƙasa, ta warware, ta riƙe almakashin ta wajen tsini, ta miƙa masa mariƙin, yadda shi ya koya mata tun yana ɗan koyo.

Yatsunsa suka shige mazauninsu. Ya buɗe, ya rufe, ya kasa kunne. Ya jawo bakin tsohon ƙyallen ya sa a tsakani, ya danna. Maimakon ya ratsa, sai almakashin ya tauna ƙyallen ya naɗe shi. Auta ya sake gwadawa. Ya ɗaga shi wajen hasken taga, ya bi kaifin da babban yatsa, sannan ya juyo a hankali.

"Yaya. Kin yanka takarda da shi?"

"Kati ne kawai. Na aji."

"Guda nawa?"

"Arba'in."

"Arba'in!" Ya dafe kai. "Almakashin yadi! Shekara goma sha biyu ko zaren buhu ban bari ya taɓa ba! Ke da aka ba ajiya don kada a yi ɓarna da shi?"

"To, ai Malama ta ce yankan kamar na inji."

"Dole ta ce!"

Suka kalli juna, dariya ta ƙwace musu gaba ɗaya, irin wadda take haɗe da hawaye. Agogon bango ya nuna biyar da minti goma.

Ya shiga ɗaki ya sako riga mai tsabta. Ya naɗe almakashin a ƙyalle ya sa a ƙaramar jakarsa, yana cewa akwai mai wasa wuƙa a bakin layin, minti biyar ya isa. Yaya ta miƙe tana ɗingishi, ta ɗauki tata jakar ta rataya. Jakar ta tashi sama fiye da yadda ta zata, ba nauyi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta. Ta gane shi kaɗai yake so ya tafi. Ta sauke jakar ta ajiye a kujera.

Tambayoyi suka taru a bakinta: ko ya ɗauki katin lambobi, ko ya san bas ɗin da zai hau, ko zai kira ta in ya isa. Ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

"In za ka dawo ka sayo sukari," ta ce. "Kuma kada ka sake ka dawo mini hannu rabbana."

Ya sa takalmi, ya ɗauke silifas ɗin daga ƙofa ya jingina su a bango.

"Duba bayan babbar tukunya," ya ce, ya ja ƙofa.

Ta tsaya a taga har ya sha kwana, doguwar inuwarsa tana bin sa. Bai waiwayo ba. Sai da ta daina ganinsa ta shiga kicin, ta durƙusa a kan gwiwar da ba ta ciwo, ta jawo babbar tukunyar da ba a girki da ita tun rasuwar mahaifiyarsu. A bayanta ga wata ƙatuwar kwalba, an rufe bakinta da kyau saboda tururuwa, cike da sukari har wuya. Gwangwani biyar, bai sha ko cokali ɗaya ba.

Yaya ta daɗe a durƙushe da kwalbar a ƙirjinta. Sannan ta miƙe, ta ɗora ruwan shayi, ta fito da kofi biyu.